Ƙoton da Na Yanka da Hannuna

Shekarar nan ta yi mini wuya, ba ni da wata kalma mai daɗi da zan lulluɓe ta da ita. Awa goma sha biyu nake yi a kan sitiyari, kwana shida a mako, bayana yana ciwo kamar an kafa mini ƙusa. Motocin da ake kira ta waya sun fara kwashe mana fasinja. In na tashi aiki sai in ajiye mota can ƙasa inda na sami wuri, in hau tudun Highbridge da ƙafa, sannan in hau bene hawa biyar. Mu uku ne a gidan, duk magidanta da iyalinsu ke nesa: ni, da Alhaji Garba mutumin Gaya ta Nijar mai sayar da huluna da turare a bakin titi, da Baba Musa ɗan zangon Kumasi mai jinyar tsofaffi a gidajensu. Amma duk wannan ba shi ne wuyar ba, kowa yana shan irinsa. Wuyar ita ce abin da na yi da hannuna, na kuma ɓoye muku shi har kuka girma.

Hadiza, Sani, ku nake rubuta wa wannan, ku da yayanku. Kun san ba na kiran sunansa, ɗan fari ne, haka na tarar ana yi a gidanmu. A takarda zan kira, tunda takarda ba ta san kunya ba: Nasiru. Na san abin da ake faɗa a Yawuri, wai na ɗauko ku da mahaifiyarku na bar shi da gangan don ya ƙi makaranta ya bi ruwa. Na san shi ma haka ya ɗauka. Ya jira shekara huɗu, ya gaji, ya yi aurensa, yana can yana su, kuma in na kira shi daga gaisuwa ba ya ƙara komai. Ban bar shi da gangan ba. Amma ni na bar shi, kuma ga yadda aka yi.

A lokacin ina da katin zama, na kuma kai matsayin neman zama ɗan ƙasa. Wata lauya ce take riƙe da takarduna, mace mai furfura da ba ta ɓata magana. Ta zana mini abin a bayan ambulan. In na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa kafin Nasiru ya cika shekara ashirin da ɗaya, doka tana kallonsa a matsayin yaro, ya taho tare da ku. In ya cika kafin rantsuwar, ko da kwana ɗaya ne, ya zama babban mutum, ya koma wani layi da ake shekaru a cikinsa. Ranar haihuwarsa a takarda ƙarshen Nuwamba ce, kuma ni na zaɓe ta. Da na je yi masa takardar haihuwa, ma'aikacin ya tambaye ni, na ce bayan girbi aka haife shi. Ya ce in faɗi wata da rana, na faɗi abin da ya zo mini baki. An sa mini ranar intabiyu ƙarshen Satumba. Lauyar ta ce wata biyu sun isa a gama komai, in dai ban jawo wa kaina wani abu ba.

"Ko tikitin gudu kada ka karɓa," in ji ta. "Ka yi tuƙi kamar kana ɗauke da ƙwai."

Na kuwa yi. A kan titi ban yi laifi ko ɗaya ba. A kan ruwa na yi.

Ku da kuka girma a nan ba ku san mene ne zama Basarke ba. Mahaifina masunci ne, haka ubansa. Kakanku an san shi da ƙoto, wato abin da ake sa wa ƙugiya don kifi ya haɗiya. Yakan ɗauki kawara, wani ƙaramin kifi mai farin jiki, ya yanke ta a karkace da yanka ɗaya, ya soke ta yadda in ruwa ya ja ta za ta riƙa juyawa kamar wadda aka ji wa rauni. Giwan ruwa ba ya iya wuce ta. Mutane sukan zo daga wasu tsibirai su kalli hannunsa, su koma su gwada, abin ya ƙi su. Ƙa'idar gidanmu ɗaya ce: namiji ba ya su da ƙoton wani. Kana iya aron jirgi, ka ari koma, ka ari filafili, amma ƙoto kai za ka yanka. In ba haka ba kifin da ka kama ba naka ba ne, na mai ƙoton ne. Ban kai shekara goma ba aka ba ni wuƙa. Sai ga shi na yi shekara takwas a New York ban riƙe igiyar fatsa ba. Ruwa ya kewaye garin nan ta ko'ina, kullum ina haye shi ta kan gada da fasinja a baya, ina leƙensa kamar mai azumi ya wuce gidan biki.

Shekara guda kafin wannan shekarar na haɗu da Walta a filin jirgi na JFK. Tsohon Bature ne, makanike mai ritaya, ya fito da wani dogon bututu da ya ƙi shiga but ɗin motata. Da muka kwantar da kujera muka cusa shi, na tambaye shi ko sandunan fatsa ne a ciki. Ya dube ni, ya bar kujerar baya ya zo ya zauna a gaba. Muka yi hira daga Queens har ƙofar gidansa a Bronx, Turancina guntu-guntu, hannuwana suna cika sauran. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa ba sa son ruwa, yatsunsa sun fara ƙagewa ba sa iya ɗaurin ƙugiya. Yana da ƙaramin jirgi mai inji a bakin wani tafki can arewa, Ontariyo, tafiyar awa biyar ko shida a mota. Ya ce in zo watan Agusta, lokacin da manyan kifin salmon suke matsowa bakin koguna. Na yanki lasin su, na je.

Tafkin nan ido ba ya kai wa ɗaya gaɓar. Kamun kifinsu kuma ba irin namu ba ne. Ba a tsayawa. Jirgi yana tafiya a hankali yini guda, kamar mutum mai sauri a ƙafa, ana jan igiyoyi a baya. Kifin yana can ƙasa inda ruwa ke da sanyi, don haka akwai wani curin darma kamar kwakwa da ake saukewa da waya, shi yake nutsar da igiya zuwa zurfin da ake so. In kifi ya kama sai igiyar ta ƙwace daga darmar, sanda ta miƙe. Kafin ƙugiya akwai wani faifai mai walƙiya da yake wulwulawa don ya kira kifi daga nesa, bayansa da taku biyu sai ƙoto. Da Walta ya buɗe akwatinsa na ga ƙoton, sai da na yi dariya. Roba ce. An ƙera ta kamar guntun kifin da aka yanke a karkace, yankan kakanku sak, wata kore, wata ja da ɗige-ɗige, wata kamar azurfa. Tana buɗewa gida biyu kamar kwasfar gyaɗa. Sai ya fasa gwangwanin kifi irin wanda ake ci da burodi, ya tsiyaye, ya dama da wani mai mai ƙarni, ya cusa cikin robar, ya rufe ya ɗaure. Kafin ya sauke sai ya ja ta a gefen jirgi mu ga juyinta. In tana juyawa kamar majaujawa, gudun jirgi ya yi yawa. In tana jan jiki kawai, gudun ya yi kaɗan. So ake ta riƙa birgima a hankali, kamar mai neman tashi ta kasa. Duk bayan awa guda a ɗago a sake cusa sabo, don ruwa yana wanke ƙarnin.

"Ba ta ruɓewa, ba ta faɗuwa daga ƙugiya, juyinta ɗaya ne kullum," in ji Walta. "Da can yankakke nake saye, na leda, mai gishiri da hatimi. Yanzu yatsuna ba sa iya gyara shi. A nan abu biyu ne kawai, na leda mai hatimi ko roba. Ba a kawo kifin wani ruwa."

Na ji maganar. Na ɗauka ra'ayinsa yake faɗa, irin na tsofaffin masunta, kowa da nasa.

Mun kama huɗu a wannan zuwan. Salmon kifi ne mai zuciya, in ya ja igiya sai ƙarfen naɗin ya yi ta kuka, kafaɗarka ta yi kamar za ta ɓalle. Amma na dawo Bronx ban gamsu ba. Walta ya ɗauke ni hoto riƙe da kifi, Alhaji Garba ya ce in tura gida a gani, na ƙi. In ce da me na kama shi? Wani a masana'anta ya yanka ƙoton, inji ya sauke, inji ya ja. Ni direba ne kawai, a ruwa kamar a titi. Kuma na san wanda zai fara tambaya: Nasiru, wanda kakanku ya koya wa yanka kafin ya rasu. Shekara guda na yi ina tauna wannan a cikin mota.

Da Agusta ta zagayo, saura mako biyar intabiyu, Walta ya kira. Da ma na zauna gida. Na ce wa kaina kwana biyu ne kawai, kuma ruwa ba shi da ɗan sandan hanya. Ana gobe tafiya na biya wani shagon kifi a unguwarmu, na zaɓi ƙananan kifaye goma sha biyu, 'yan teku, masu farin jiki kamar kawara, na wasa wuƙa. Baba Musa ya tarar da ni a kicin ina jera su a ƙasan kula, na rufe da ƙanƙara, na ɗora kwanon shinkafa a sama.

"Massa, kifi kake kai wa ruwa?" ya ce, haka yake kiran kowa, irin na mutanen Kumasi. "Mutane suna zuwa ruwa su kawo kifi, kai kana kai masa. Ko gaisuwar surukai ce?"

"Sana'a ce, ba ka san ta ba."

"Na yarda ban san ta ba. To me ya sa kake ɓoye shi a ƙarƙashin shinkafa?"

Na rufe kula. Ku lura da wannan wurin. Wallahi ban san doka ce ba, amma na san mai jirgi ya ce kada a yi, kuma wanda bai san yana laifi ba ba ya ɓoyewa.

Da muka shiga tafki da safe, roba ta kama mana biyu, matsakaita. Da hantsi ya yi Walta ya koma gaba yana kallon na'urar da take nuna zurfi, ya juya mini baya. Na ɗago sandar hagu, na cire robar, na zaro kifi ɗaya daga ƙasan kula, na ɗora a kan katako, na yanka. Hannuna bai manta ba. Na soke shi, na ja shi a gefen jirgi, ya yi birgimar nan da na sani tun ina yaro, wadda ba ta maimaita kanta, juyi biyu sai ɗan tsayawa sai juyi ɗaya. Na tsaya ina kallonsa fiye da yadda ya kamata, sannan na sauke. Ba a yi rabin awa ba sanda ta miƙe. Kifin ya tafi da igiya har na ga ƙarfen naɗin ya kusa ƙarewa, ya dawo, ya nutse, ya sake tafiya. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Bayana bai yi ciwo ba ko kaɗan. Da Walta ya sa koma ya ɗago shi sai da ya yi nishi, ya ce a shekarunsa a tafkin nan bai fi uku irinsa ba da ya gani a jirginsa. Ya durƙusa zai cire ƙugiya, sai ya ga abin da ke bakin kifin.

"Isa, mene ne wannan?"

"Ƙotona."

"Daga ina?"

"Daga Bronx."

Ya cire hularsa ya riƙe. "Tattara komai ka rufe. Yanzu."

Ban kai ga motsawa ba, don akwai wani jirgi da ya riga ya nufo mu. Ma'aikatan kula da ruwa ne, su biyu, suna zagayensu na kullum, suna bin jirage ɗaya bayan ɗaya. Suka gaishe mu, suka duba lasin, daidai. Suka ƙirga kifi, daidai. Babban cikinsu ma ya yaba wa kifin nawa. Sai idonsa ya faɗa kan katako, ga wuƙa, ga kan ƙaramin kifi, ga kula a buɗe. Ya ce in nuna masa ledar da ƙoton ya zo a ciki, ko rasit. Walta ya riga ni magana.

"Jirgina ne, abin da ke ciki nawa ne. Ni na kawo, tsufa ne, na manta. Rubuta sunana."

Ma'aikacin ya ɗauko biro. Da na yi shiru da shi ke nan, da yau yayanku yana nan cikinku. Walta ɗan ƙasa ne, tara ce zai biya ya manta. Amma babban kifin yana kwance a gabanmu, jelarsa tana motsi, ga shi ana shirin rubutawa a takardar hukuma cewa wani ne mai ƙoton.

"A'a," na ce. "Ni na saya, ni na yanka. Shi bai iya wannan yankan ba."

Walta ya taka mini ƙafa. Na sake faɗa, har da nuna ƙirjina.

Mutumin bai ɗaga mini murya ba, bai wulaƙanta ni ba. Ya yi mini bayani a hankali cewa akwai cutar da kifin wani ruwa yake ɗaukowa, ko matacce ne, in ta shiga tafki sai ta yi ta kashe na ciki, shi ya sa aka hana. Na gane maganar sarai, don na taɓa ganin kifi ya taso fari fat a wani gulbi a gida. Ya rubuta sunana, ya ba ni takarda, ya ce in bayyana a kotun wani ƙaramin gari da ke bakin tafkin tsakiyar Oktoba. Suka tafi da sauran ƙoton. Kifin ma suka tafi da shi, ko hoto ban ɗauka ba. A hanyar dawowa, bayan tafiyar awa biyu, Walta ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Tun bara ka gaya mini maganar ɗanka. Ka manta ne?"

"Ban manta ba."

"To me ya sa?"

Ba ni da Turancin da zan amsa masa. Da na nema a Hausa ma ban samu ba.

Ranar Juma'a bayan mun dawo masallaci na ajiye takardar a kan tabarma tsakanin kwanukan abinci, na faɗa wa abokan zamana komai. Alhaji Garba ya juya ta gaba da baya, ko da yake ba ya karanta Turanci.

"Kai dai ka yi kurum," ya ce. "Wa ya sani? Wani ƙauye can bakin ruwa, takardar kifi. Dosiyen takardunka na nan cikin birni, mi za ya haɗa su? In sun tambaye ka, ka ce babu. Ɗanka ne fa, Malam Isa. Allah ya san niyyarka."

"Alhaji, kwamfuta ce, duk suna gani," in ji Baba Musa. "Kuma hannu zai ɗaga ya rantse. In suka kama shi da ƙarya, ba yaro ɗaya zai rasa ba, duka ne, har katin da ke aljihunsa."

"In ya faɗa fa?"

"Sai su jira kotu."

"To ka ji. Su jira kotu, yaro ya tsufa. Kai tsofaffi kake wa wanka, ka saba da jira."

"Ni dai na tambaye shi ranar nan me ya sa yake ɓoye kifi a shinkafa, ya ce ban san sana'a ba."

"Wanga ya wuce, Baba Musa. Yanzu maganar yaro ake."

Suka yi ta yi har abinci ya huce. Ba wanda ya faɗi ƙarya a cikinsu. Ran Litinin na kai wa lauya takardar. Ta karanta. Ta buga waya kotun ko za a matso da ranar, aka ce alƙalin garin sau biyu yake zama a wata kuma layi ya cika. Ta ce abin ƙarami ne, ba zai hana ni zama ɗan ƙasa ba, lokaci kawai zai ci. Ta ce kada in kuskura in ɓoye.

Duk da haka, ranar intabiyu na shiga jirgin ƙasa da niyyar in ce babu. Ba zan yi muku ƙarya in ce na tafi da tsarkin zuciya ba. Wata biyar na yi ina sauraren tambayoyin nan a mota har na haddace su kamar karatun allo. Ma'aikaciyar ta sa na ɗaga hannu na rantse zan faɗi gaskiya. Ta tambaye ni tarihin ƙasa, na amsa. Ta ba ni layi na karanta, ta faɗi layi na rubuta da wannan mummunan rubutun nawa. Sannan ta fara bin fom ɗina, layi bayan layi, idonta a kan kwamfuta.

"Tun da ka cike wannan, an taɓa kama ka, ko an ba ka takardar zuwa kotu?"

Bakina ya riga ya shirya a'a. Sai na ji hannuna ya shiga aljihu ya fito da takardar. Kada ku ɗauke ni waliyyi. Rabi tsoron Allah ne, don na ɗaga hannu. Rabi tsoron abin da take kallo ne a kwamfutar, wanda ni ba na gani. Har yau ban san ko yana ciki ba. Ta karanta sau biyu.

"Kifi?" ta ce.

"Kifi."

"Ka ci jarrabawa. Amma ba zan iya yanke hukunci ba sai kotu ta gama, ka kawo mini shaidar."

Na gaya mata maganar ɗana da ranar haihuwarsa. Ta rubuta wani abu a gefe. Ta ce ta ji, in kawo takardar da wuri.

Walta ne ya tuƙa ni zuwa kotun, bai bari na taɓa sitiyari ba. Tafiyar awa shida, shari'ar minti goma. Alƙalin ya tambaye ni ko na yi, na ce na yi, ya ci ni tara, na biya. Takardar shaida mai hatimi ta ɗauki kwana tara kafin ta iso, na kai ta da hannuna. Daga nan sai jira. Kullum in na dawo sai in buɗe akwatin wasiƙa kafin in hau bene, in tarar da tallan abinci da takardar lantarki. Oktoba ta ƙare. Mahaifiyarku tana kira duk Lahadi.

"Malam, yaya maganar? Yaron nan fa ya sayar da komarsa, jirgin ma ya bar wa ƙanenka. Kullum yana gidan wani malamin makaranta yana koyon Turanci, shi da ko allo ya ƙi zama."

"Takardu ne, suna da jinkiri."

"Babu dai wata matsala?"

"Babu."

Ga baƙuwar da ban sani ba na faɗi gaskiya, ga matar da ta haifa mini ku na yi ƙarya. Kunya ce ta hana ni. Yaya ɗan Basarke zai ce an kama shi a kan ƙoto, a ruwan wasu, har ya jefa ɗansa? Da sata aka kama ni da ita da na fi iya faɗa.

Ranar haihuwar ta zo ta tarar da ni a kan titi. Na ɗauki fasinja goma sha ɗaya, ban tuna fuskar ko ɗaya ba. Wasiƙar ta iso makon farko na Disamba, rantsuwa tsakiyar wata. Babban ɗaki ne cike da mutane daga ko'ina, an raba mana 'yan tutoci, wata tsohuwa kusa da ni tana kuka don murna, ta kama hannuna ta girgiza. Na ɗaga hannu na maimaita abin da aka ce. Da na koma gida na tarar Alhaji Garba ya sayo gasasshen nama, Baba Musa ya dafa shinkafa da wake. Ba wanda ya yi maganar kwanan wata. Na ci, don kada in ɓata musu.

Washegari da safe na riga lauya zuwa ofishinta, na tsaya a bakin ƙofa cikin sanyi har ta zo da makulli. Ta shimfiɗa takardu a kan tebur kashi biyu. Ta dafa na farko ta ce wannan na matata ne da ƙananan biyu, ba zai daɗe ba. Ta dafa na biyu ta ce wannan na babban ne.

"Shekara nawa?" na ce.

"Ba zan faɗa maka adadi ba. Da yawa. Yana da aure?"

"A'a."

"To kada ya yi. In ya yi aure ya koma wani layin da ya fi wannan tsawo."

Na sa hannu a duk inda ta nuna. Na fito na shiga mota, ban tayar ba, na kira gida. Can azahar ta yi. Mahaifiyarku ta ɗauka, na ce ta ba shi.

"Baba, ina wuni. An yi rantsuwar?"

"An yi jiya."

"Alhamdu lillahi. To yaushe za mu taso?"

Na gaya masa mahaifiyarsa da ƙannensa ne za su fara zuwa. Na ce shekarunsa sun wuce da kwana goma sha tara, an sa shi a wani layi, kuma kada ya yi aure sai ya zo.

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

Ina jin kaji a tsakar gida, ina jin muryarki, Hadiza, kina tambaya ko jirgin sama yana da taga.

"Baba, laifin wa?"

"Laifin takarda," na ce.

"To," ya ce. "Ga Inna."

Na kashe wayar kafin ta kai kunnenta, na tayar da mota.